Kyautata Zato Ko Sakaci?

A Gonin Gora, bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, waya takan yi ƙara, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, za a rufe asusu sai an faɗi lambar BVN da ta sirrin kati. Tun fitowar BVN a 2014 mazambata suke fakewa da ita.

To, wanda ya ƙi faɗa ya munana zato ke nan? Ko kusa. Suratul Hujurati da ta hana yawan zato a aya ta 12, ita ce ta umurci bin diddigin labari a aya ta 6. Mai asusun da ya kashe waya ya taka zuwa banki bai zargi kowa ba, magana kurum ya bincika. Can za a shaida masa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.