Shakkar Masana da Matsayin Ɗan Adam a Cikin Halitta

Kalmar shakka ba ta da farin jini a wurin jama'a, domin akan danganta ta da raunin imani, amma abin da masana kimiyya suke nufi da ita shi ne ƙin karɓar magana saboda girman mai faɗarta kawai, har sai an auna ta da hujja da gwaji. Wannan ɗabi'a tana da tushe a tarihin ilimin Musulunci, domin Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rubuta littafi a kan shakkun da yake da su game da lissafin Batlamiyus, masanin falaki na Iskandariyya wanda aka shafe fiye da ƙarni takwas ana bin maganarsa. Haka kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya nuna cewa ido kansa yana yaudara, tunda yana ganin tauraro ɗan mitsitsi alhali lissafi ya tabbatar da cewa ya fi ƙasa girma.

Wannan hanyar bincike ce ta sauya fahimtar ɗan Adam game da mazauninsa. A 1543 Kofanikus ya wallafa ra'ayin cewa ƙasa ce take kewaya rana, a 1610 kuma Galiliyo ya hango watanni huɗu suna kewaya Mushtari, wanda ya nuna cewa ba kowane abu na sama ne yake zagaya ƙasa ba. Daga baya, a shekarun 1920, Edwin Hubble ya tabbatar da cewa tarin taurarin da rana take ciki ɗaya ne daga cikin taruka masu yawa, kuma suna ƙara nisa da juna. A yau an san cewa hasken rana yana ɗaukar kimanin minti takwas kafin ya iso ƙasa, na Kaza da 'Ya'yanta kuwa, waɗanda Bahaushe ya saba gani a sama, yana shafe fiye da shekara 400 a hanya, sannan an ƙiyasta shekarun sararin samaniya da biliyan 13.8.

Daga nan ne wasu suke yanke hukuncin cewa tunda ƙasa ƙwayar ƙura ce a wannan faɗi, rayuwar mutum ba ta da wata ma'ana. Sai dai wannan hukunci ya kasa cika sharaɗin shakkar da yake tutiya da ita, domin na'urar hangen nesa tana auna nisa da girma da shekaru, ba ta da ma'aunin daraja ko manufa. Ko a tsohon tsarin Aristotal ma, wanda ya sanya ƙasa a tsakiya, tsakiyar halitta wuri ne da abubuwa masu nauyi da lalacewa suke gangarawa, saboda haka fitar da ƙasa daga tsakiya bai tuɓe wa mutum wani rawani ba. Addinin da ya kira mutum halifa a bayan ƙasa shi ne kuma ya tuna masa cewa daga turɓaya aka yi shi, wato tun asali darajarsa tana rataye da hankali da amana.

Saboda haka shakka ta gaskiya tana neman tawali'u daga ɓangarori biyu: mai addini ya bar jayayya da abin da awo ya tabbatar, mai kimiyya kuma ya san inda iyakar awonsa ta tsaya. Halittar da ba kasafai take kai shekara 100 ba, ta iya lissafa shekarun taurari, ta kuma gano kuskurenta ta gyara, kuma wannan baiwa ce take ɗora mata nauyin neman gaskiya da kula da ƙasar da take zaune a kai.