Wanda Ya Kalla a Ɓoye, Wa Ya Cuta?

Akwai wata tambaya da ya kamata mu auna a watan nan. Mutum ya shiga ɗakinsa da dare, ya rufe ƙofa, ya kunna fim na tsiraici a wayarsa ko a talabijin, ya kalla shi kaɗai. Da gari ya waye ya ɗauki fartanya ya tafi gona. In aka yi masa magana sai ya ce, "Wa na cuta? Ban taɓa matar kowa ba, ban ɗauki kayan kowa ba. Kuɗina ne, idona ne." Maganar nan tana da kama da gaskiya, saboda haka tsawa kaɗai ba za ta kore ta ba. Sai mu bi ta a hankali, mu fara daga wurin masu yin irin waɗannan finafinai.

Akwai wani mutumin Italiya, sunansa Tinto Brass, an haife shi a birnin Milan a 1933. Kakansa mai zanen hotuna ne sananne. Shi kuwa ya karanta ilimin shari'a, sa'an nan ya tafi Paris ya yi aiki a ma'ajiyar finafinai ta ƙasar Faransa, ya kuma yi almajiranci a hannun Roberto Rossellini, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a. Fim ɗinsa na fari ya fito a 1963, masana kuwa suka ga alamar gwaninta a wurinsa. A 1976 ya yi wani fim a kan gidan karuwai na birnin Balin a zamanin Hitila. Wannan ya jawo hankalin wani attajiri na Amurka, Bob Guccione, mai mujallar tsiraici da a ke kira Penthouse. Attajirin ya ɗauke shi aikin fim ɗin Caligula, labarin wani mugun sarkin Roma, wanda ya fito a 1979. Da aka gama ɗauka sai mai kuɗin ya hana shi harhaɗa aikinsa, ya sa aka ƙara wuraren batsa a ciki, har Brass ya ƙi yarda a ce fim ɗin nasa ne. Amma daga 1983, sa'ad da wani fim nasa na sha'awa ya yi kasuwa ƙwarai, ya zauna a kan wannan hanya shekara ashirin da ɗoriya. Ba za mu jera sunayen finafinan a nan ba, kada takardar nan ta zama jagora ga mai nema.

Shari'ar zuciyar mutumin nan ta Allah ce. Abin da mu ke so a lura da shi, shi ne yadda kuɗi ya bi da labarin. Attajirin ya ƙara batsa domin ya san akwai masu biya. Har wa yau masu biya ne suka hana finafinan mutuwa. A 1976 kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS, abin da dā sai a gidan sinima ya shigo ɗakin kwana. Wajen 1997 faifan DVD ya bazu. Wasu kamfanoni a Amurka da Ingila suka bi tsofaffin finafinan Brass suna gyara su, suna sake bugawa a kan sababbin faya-fayi. Caligula ma an sake harhaɗa shi, aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 2023, shekara 44 bayan fitowarsa. Ba mai shan wahalar gyara tsohon kaya in ba mai saye.

To, mu dawo gida. Dattawanmu sun san majigi, wanda ma'aikatan gwamnati su ke kawowa ƙofar fada da dare, gari duka ya taru ya kalli yadda a ke noman gyaɗa da tsabtar rijiya. Gidan sinima na Rex an buɗe shi a Kano a 1937. A zamanin nan duk mai son kallo sai ya fita, ya biya kuɗi a ƙofa, ya zauna cikin jama'a, wanda ya san ubansa ya gan shi. Kunya ta tsare mutane da yawa waɗanda tsoron Allah bai tsare ba. Da bidiyo ta zo, shaidu suka ragu. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali shaidu suka ƙare. Yau yaro a Haɗeja, ko Malam Madori, ko Guri, yana iya samun abin da ya fi na Brass muni a rumfar masu tura finafinai a waya, da kuɗin da bai kai na ƙwaryar fura ba.

Hukuma ba ta yi barci ba. An kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993, Jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001. Amma a 2007 wani gajeren hoto na tsiraici, na wata 'yar wasan Hausa, ya bi wayoyin mutane a Kano da sauran garuruwa, har aka dakatar da yin finafinai na wasu watanni. Yarinyar ta sha zagi da la'ana. Waɗanda suka roƙa a tura musu, suka kalla, suka tura wa abokansu, ba wanda ya kira sunansu. Da yawa cikin masu zagin da rana su ne masu kallon da dare. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ga amsa ta fari ga mai cewa, "Wa na cuta?" Ya cuci wadda ke cikin hoton, gama idonsa da kuɗinsa ne suka sa aka tuɓe ta. Ita ma 'yar wani ce, an yi ta cikin kamanin Allah kamar ƙanwarsa. Mai saye abokin aikin mai yi ne, ko da teku na tsakaninsu.

Amsa ta biyu tana bakin koginmu. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yana cika da damina ya malale fadama, da rani kuwa ya janye. Manomi ya yi shinkafa, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya shigo da shanu bayan ruwa ya sauka. Da aka riƙa sakin ruwa har da rani, wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa, laka ta taru, kacalla ta sami wurin zama. Dā ranin nan shi ke kashe ta. Yanzu ta toshe hanyoyi irin su Marma da Burum Gana, ruwa ya ci gonakin waɗansu, waɗansu kuma ya ƙi kai musu, jan baki ya yi sheƙa a cikinta yana cin hatsi. Haka sha'awa ta ke a zuciyar ɗan adam. Irinta yana nan tun dā, amma dā tana samun rani, watau kwanaki da watanni da ba abin da zai ciyar da ita. Yanzu ruwanta yana cikin aljihu dare da rana. Ƙaunar da ta kamata ta gudana zuwa wurin matar aure sai ta toshe, miji ya soma gwada matarsa da hotunan da aka yi wa ado domin ciniki. Addu'a ta yi masa nauyi, gama zuciya ba ta iya fuskantar Ubangiji da abin da ta ke ɓoyewa. Ashe ya cuci iyalinsa, ya cuci kansa.

Wani zai ce, ai jiki halittar Allah ne, sha'awa kuma shi ya sa ta. Gaskiya ne, Ekklesiya ba ta koyar da cewa jiki abin ƙyama ne ba, aure kuwa abu ne mai daraja. Brass ma ya sha cewa aikinsa fasaha ne, dabam da batsa. Amma ruwan da ya rayar da shinkafa a fadama, shi ne ya rushe gidaje a ambaliyar 2022 da ya bar hanyarsa. Gwanintar mai ɗaukar hoto ba ta sāke abin da hoton ke yi a zuciyar mai kallo. Mu tuna da Sarki Dawuda. Da maraice yana kan soron fadarsa shi kaɗai, ya hangi matar Uriya tana wanka. Ba wanda ya gan shi yana kallo. Ƙarshen kallon nan shi ne kabarin Uriya da makoki a gidan sarki.

Me za mu yi? Mutanen ƙauyukan fadama ba su zauna jiran gwamnati kaɗai ba, su kan yi gayya su shiga ruwa da lauje su sare kacalla, ko da ya ke sun san za ta sake tohowa. Haka ya wajaba a gare mu. Kowane maigida ya mayar wa gidansa da rani: a sa lokacin da waya za ta kwana a wuri ɗaya, nesa da shimfiɗa, uba ya fara ajiye tasa. Kada a saya wa yaro waya a juya masa baya. Iyaye mata da iyaye maza su yi wa 'ya'yansu maganar jiki da aure da bakinsu, tun mai rumfar kasuwa bai riga su ba. Wanda abin ya riga ya kama kuwa, ya nemi dattijon Ekklesiya mai riƙon asiri ya gaya masa, gama abin nan cikin duhu ya ke ƙiba. Dattawa kuma su karɓe shi da tawali'u, su tuna Dawuda ya sami gafara sa'ad da ya furta laifinsa gaban annabi Natan. In kuwa hoton wata ya faɗo wayarmu, mu share shi nan take, kada ya wuce ta hannunmu zuwa wurin wani.

Ubangiji ya tsare idanunmu da gidajenmu. Amin.