Mai Keke Da Mai Mota: Wa Ya Fi Ɗaukar Alhaki?

Jama'a, ga wata tambaya da ta daɗe tana damuna: in mai keke da mai mota suka haɗu a hanya ɗaya, wa ya fi ɗaukar alhakin kiyaye rai?

Direba zai ce mai keke ba ya bin doka, yana kutsawa inda ya ga dama, da dare kuma ba fitila. Mai keke kuwa zai ce direba ba ya ganinsa da gashi, sai ham da tsawa. Kowa da gaskiyarsa. Amma a ganina nauyinsu ba ɗaya ba ne, domin in mai keke ya yi ganganci yawanci kansa ya cuta, in direba ya yi kuwa, ran wani ne a hannunsa.

Mutanen ƙasar Holan sun gane haka. A 1971 hatsarin hanya ya ci rayuka fiye da 3,000 a ƙasar, cikinsu har da yara fiye da 400. Iyaye suka yi zanga-zanga, aka shiga keɓe wa kekuna hanyarsu. A dokarsu ta yau, in mota ta buge mai keke, galibi direba ke biyan aƙalla rabin diyya, ko da mai keken yana da laifi.

Wannan ba zalunci ba ne. Hausawa sun ce babba juji ne. Mai keke ya sa fitila, ya bi hannunsa, amma haƙuri ya fi wajaba a kan wanda ke riƙe da sitiyari.