Wa Zai Fito A Bature?

Sa'ad da muke yara a Bungudu, in azumi ya kai goma aka fara tashe, akwai wani wasa da mukan yi a unguwarmu. Sai a shafa wa ɗayanmu farar ƙasa a fuska, a kifa masa ƙwarya a ka, ya riƙa gwaranci ta hanci, wai shi ne Di'o ya zo rangadi. Mata su yi ta dariya, su ba mu hatsi. Mu kuwa ko Di'o ba mu taɓa gani ba, labarinsa muka gada. Amma kullum sai an yi faɗa a kan wa zai fito a Bature. Ba mai son ya fito a talakan da ake bi haraji.

Wannan faɗa ne ya faɗo mini a rai da na karanta labarin Nil Darpan, watau wasan kwaikwayon da Dinabandhu Mitra ya wallafa a Bengal ta ƙasar Indiya cikin 1860. Wasan ya nuna yadda Turawa ke tilasta wa manoma shuka baba, irin wanda marinanmu ke rini da shi. James Long, wanda ya buga fassararsa ta Ingilishi, sai da ya yi wata guda a kurkuku cikin 1861, kuma a 1876 gwamnati ta kafa dokar da ta ba ta ikon hana wasanni. Mai bindiga ke nan yana tsoron ɗan wasa!

To, wancan wasa bulalar da ke sauka a jiki ya fi nunawa. Wadda ke shiga zuciya, a wajen maƙwabtanmu na Nijar aka fi fito da ita fili. Wajen 1925, a ƙasar Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan waɗansu sababbin iskoki da ake kira Babule. Iskokin nan Turawa ne da sojansu, suna fareti suna ba da oda. Kwamandan Faransa Croccichia ya kama 'yan borin ya tsare. Me ya biyo baya? Shi kansa ya zama iska, ana ce masa Kwamanda Mugu.

Waɗansu masana sun ce wannan ba'a ce, kuma wanda ka iya yi wa ba'a ka rage tsoronsa. Lalle akwai gaskiya a ciki. Amma ni dai, 'yan'uwana ɗalibai, ban sakankance ba. Ai a bori iska ce mahayi, mutum doki. Ashe ko a wurin tawaye Bature ne a bisa sirdi.

Mu ma a tashenmu hancinsa da gwarancinsa muka yi wa dariya, ba mu taɓa yi wa kujerarsa ba. Abokina da ya fi kowa iya fitowa a Di'o, ranar da na koma gida hutu ya tarye ni da Turanci a gaban mahaifinsa, tsohon yana kallonmu bai ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuma, don kada a ce ban iya ba, da Turancin na amsa masa.