Tsawa Ko Rakiya: Hakkin Mai Shan Taba A Kanmu

A tashar manyan motoci ta Potiskum, ko a bakin kasuwar shanu, sau da yawa za ka ga ɗan dako ya sauke kaya, ya karɓi ladansa, ya nufi wurin mai tebur ya sayi karan sigari tun bai sa kome a cikinsa ba. Wasunmu ba sai sun je tasha ba, gama irin wannan mutum yana cikin gidansu: miji ne, ko ƙane, ko ɗa. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wane hakki yake da shi a kanmu?

Amsar da muka saba bayarwa ita ce tsawa. Mukan ce ai shi ya zaɓa, ya sha kuɗin cefane, ya cika ɗakin yara da hayaƙi. Akwai gaskiya a ciki, domin talauci ba ya ɗauke wa mutum alhakin iyalinsa. Amma gaskiyar ba ta cika ba. Sinadarin nikotin yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, jiki kuma ya saba da shi, har ranar da aka rasa sai fushi da rashin barci su taso. Yawancin mashaya sun fara ne tun suna samari. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, duk da haka karan nan bai bar teburin unguwa ba. Mai kuɗi in ya so bari yana da likita. Talaka kuwa kunya kaɗai muka bar masa.

Kunyar nan tana da illa. Wanda aka saba kushewa yakan ɓoye, har ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko yana shan taba ya ce a'a. Ta haka ƙofar taimako take rufewa.

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu amfani da taba suna so su bari, amma kashi 70 ba su da hanyar samun taimako mai inganci. Ta shawarci ma'aikatan lafiya su riƙa yi wa kowane mashayi gajeriyar nasiha, daga daƙiƙa 30 zuwa minti 3. Wannan bai fi ƙarfin ƙaramin asibitin unguwa ba. A can za a auna jininsa, a tsayar da ranar bari tare da shi, a tura shi babban asibiti in akwai bukata. Idan tarinsa ya wuce mako biyu, a gwada shi, gama maganin tarin fuka kyauta ne. Magungunan rage ƙishin taba ba a kowane asibiti ake samunsu ba, amma shawara ba ta cin ko kwabo.

'Yan'uwa, abin da ya rage namu ne. Kada mu tsaya ga cewa "ka je asibiti", domin mai cin abinci daga aikin yini yana lissafin kuɗin mota da aikin da zai rasa. Mu raka shi. Zumuntar maza ta ɗauki kuɗin motar, uwargida ta yi haƙuri da fushin makon farko, wanda shi ne mafi wuya. In ya koma wa taba, kada mu ce ya yaudare mu. Da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita. Sannu ba ta hana zuwa.

Alhakin bari nasa ne, ba mai ɗauke masa. Alhakin rakiya kuwa namu ne. Allah ya ba mu zuciyar sauke shi.