Tsakanin Hakkin Aboki Da Amanar Aiki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya leƙa tashar mota a Abuja, ko Kaduna, ko Kano ranar Alhamis da yamma ko Juma'a da safe, zai iske samari birjik, kowa da 'yar jakarsa da babbar riga a goge. In aka tambaye su inda suka nufa, da yawansu za su ce ɗaurin auren aboki za su, ko walima, ko suna. Ran Lahadi da dare kuma sai a ga sun komo a gajiye, aljihu wayam, ga aiki yana jiransu da safe. Wannan kai da kawowa abin yabo ne a asalinsa, gama Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma akwai wata tambaya a cikinsa wadda ta kamata a tsaya a duba ta da idon basira.

A zamanin da, abokai sukan tashi a unguwa guda, su yi sana'a a kasuwa guda, bikin ɗayansu kuwa a ƙofar gida ake yinsa, ba wanda zai bar wani abu don ya halarta. Yanzu al'amari ya sake. Tun da aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973 ake tura masu digiri jihohin da ba nasu ba. A 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, ma'aikata suka bi ta. Neman abinci ya watsa sauran, wannan yana Legas, wancan yana Fatakwal. Ga kuma wayar hannu ta sa ba gayyatar da ke ɓata a hanya, kowace sai ta iske mutum har cikin ɗakinsa. Watau gayyata ta yawaita, nisa ya ƙaru, amma yini bai ƙaru da ko minti ɗaya ba.

A ɗauki misalin waɗansu abokai da suka tashi tare a Zariya, tun daga makarantar allo. Ɗayansu zai yi aure ran Asabar. Biyu daga cikinsu a Abuja suke aiki, tafiyar fiye da kilomita 250. Na farko malamin asibiti ne, aikin kwana ya faɗo kansa a wannan mako, ya nemi wanda zai karɓe shi bai samu ba. Sai ya kira ango ya ce, "Mutumina, ka yi mini aikin gafara, aiki ya tsare ni. In Allah Ya yarda mako mai zuwa zan zo in gai da amarya." Ango ya ce, "Ba kome, ranka ya daɗe. Ai kun zama manya." Kowa ya san abin da wannan "ranka ya daɗe" ke nufi a bakin wanda aka yi wasan ƙasa da shi.

Na biyu akawu ne a wani ofis. Shi tun ran Alhamis ya sulale, ya gaya wa shugabansa cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ya roƙi wani ya sa masa hannu a littafin zuwa aiki na Juma'a. Ya ci bashi ya ɗinka ankon abokan ango, ya kwana uku yana hidima. Da aka watse, majalisar abokai ta yanke hukunci: akawu ɗan halak ne mai zumunci, malamin asibiti kuwa Abuja ta sauya shi. To, shin wannan hukunci daidai ne? Wane ne a cikin su biyun ya riƙe amana?

Da farko dai, lalle aboki yana da hakki, kuma Musulunci bai ɗauki wannan hakki da wasa ba. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa amsa gayyata tana cikin hakkokin Musulmi a kan ɗan'uwansa, tare da amsa sallama, da gai da mara lafiya, da rakiyar gawa. Malaman mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda aka gayyata walimar aure, aka ambace shi shi kansa, wajibi ne ya amsa. Saboda haka ɓacin ran ango yana da tushe. Mutumin da ya ga abokinsa na ƙuruciya bai zo ranar farin cikinsa ba, dole ya ji wani abu a zuciya.

Sai dai malaman da suka wajabta amsawa su ne kuma suka lissafa uzurorin da ke sauke ta. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, cewa ana amsawa ne in babu abin ƙi bayyananne a wurin, ya kuma ambata cewa Imam Malik ya yi rangwame ga mai ƙin zuwa saboda yawan cunkoson jama'a. To, in cunkoso kawai ya isa uzuri, ina ga mutumin da aka damƙa wa marasa lafiya a hannunsa tsawon dare?

A nan ne asalin maganar take. Wanda ya karɓi aiki a kan albashi ya ƙulla yarjejeniya, ya sayar da waɗansu sa'o'i na yininsa, an kuwa biya shi. Waɗannan sa'o'i sun fita daga mallakarsa kamar yadda buhun gero ke fita daga mallakar manomi ran da ya karɓi kuɗinsa. Allah Ya umarci muminai da cika ƙulle-ƙullen alkawari a farkon Suratul Ma'ida, Ya kuma yi umarni da mayar da amana ga masu ita a cikin Suratun Nisa'i. Saboda haka kwana biyun da akawu ya kai wa ango kyauta ba nasa ba ne. Na tsohon nan ne da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don a duba takardun fanshonsa, ya iske kujera ba kowa, aka ce ya komo Litinin. Wannan tsoho ba a gayyace shi biki ba, bai ci ko lomar shinkafa ba, amma shi ya biya wa akawu kuɗin zumuncinsa. Da akawu ya saci rago ya kai gudummawa, ba wanda zai yaba masa. Don me za a yaba masa da ya saci yini?

Ban da wannan, ga ƙarya ya yi, ya ɗora wa mahaifiyarsa ciwon da Allah bai ɗora mata ba, ya kuma jawo abokin aikinsa cikin shaidar zur. Ga bashin da zai kwana biyu yana biya, wataƙila daga abin da ya saba aika wa iyayensa a ƙarshen wata. Zumuncin da sai an bi ta kan waɗannan abubuwa kafin a kai gare shi, ya kamata a sake duba shi.

Akwai darasi babba a cikin labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, wanda Imam Buhari ya ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Wata rana Salmanu ya kai wa ɗan'uwansa ziyara, sai ya iske matarsa ba ta ko kula da ado, domin mijin ya duƙufa ga ibada ya manta da gida. Aka kawo abinci, mai gida ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai da ya sa shi ya ci. Da dare ya yi ya tashi zai yi salla, Salmanu ya sa shi ya kwanta, sai can ƙarshen dare suka tashi tare. Sa'an nan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, jikinsa ma haka, iyalinsa ma haka, ya ba kowa nasa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata Salmanu. Abin lura a nan shi ne, baƙon da ya tako ƙafa ya zo bai tsaya neman nasa rabon ba, hakkin waɗansu ya kama tuna wa abokinsa. Da ango ya bi wannan tafarki, da cewa zai yi, "Zauna ka duba bayin Allah, addu'arka ta ishe ni."

Amma kada masu aiki su ji wannan su samu mafaka. Akwai samari da yawa da suka mai da kalmar "aiki" garkuwa. Mutum ya shekara bai leƙa mahaifar abokinsa ba, ya ce ba lokaci, alhali ba ya rasa sa'a uku kowane dare a majalisar mai shayi ko gidan kallon ƙwallo. Wani kuma ba ya ƙin tafiya mai nisa in biki ne da za a ɗauki hoto, amma abokinsa da ya rasa aiki, ko yake jinyar uwa a asibiti, ko aka yi masa rasuwa, sai dai ya tura masa gajeren saƙo a WhatsApp. A wurin biki, in mutum ɗaya bai zo ba cikin ɗaruruwa, taro ba ya raguwa. A bakin gadon mara lafiya kuwa, mutum ɗaya shi ne taron. Wanda hutunsa kaɗan ne, kuɗin motarsa ƙidayayye, ya kyautu ya tanade su domin irin wannan rana. Nan za a gane ko malamin asibitin nan uzurin gaskiya ya kawo: in mako ya zagayo ya cika alkawarinsa, in kuma ranar baƙin ciki ta zo aka gan shi a kan tabarmar makoki.

Sahabbai ma sun gamu da irin wannan matsi, suka kuwa samo masa dabara. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana zaune a Awali, a gefen Madina, shi da wani maƙwabcinsa mutumin Ansar. Sai suka shirya karɓa-karɓa: yau wannan ya sauka zuwa majalisin Annabi, gobe wancan, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa labarin abin da ya gudana. In an yi haka a kan majalisin da ya fi kowane majalisi daraja, ashe abokai biyar da ke gari guda suna iya wakilta ɗaya ko biyu zuwa biki, su haɗa masa kuɗin mota da gudummawa, sauran su tsaya bakin aikinsu, gobe kuma a juya. Wanda ya ga lalle sai ya je da kansa, ya nemi izini da gaskiya tun da wuri, a cire daga hutunsa.

In kuma tafiyar ta kama, tana da nata ladubba. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi, ta ba shi kasaru in tafiyar ta kai mil 48, ya mai da salla mai raka'a huɗu biyu, ba ta kuwa ba shi izinin tara sallolin yini sai ya isa masauki ba. A Malikiyya an hana wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya kama hanya bayan rana ta karkata, sai fa in zai riske ta a gaba. Haka nan Annabi ya yi umarni in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Da samari sun riƙe wannan, da an samu mai cewa a tsaya a yi salla, mai hana direba gudun ganganci, mai cewa dare ya yi a kwana a nan.

Abin da ake nema ga matasa shi ne su sauƙaƙa wa juna. Mai gayyata ya karɓi uzuri da zuciya ɗaya, ya bar habaici. Wanda aka gayyata ya faɗi gaskiya, ya zo in yana da iko, in ba shi da shi ya rama a wata rana. Allah Maɗaukaki Ya ba da labari a cikin Suratuz Zuhrufi cewa a ranar Alƙiyama masoya za su zama maƙiyan juna, in ban da masu taƙawa. Abotar da ke tura mutum ga ƙarya da cin amana tana cikin wadda za a yi da-na-saninta a wannan rana, ko da an sha yabonta a majalisa.

Allah Ya haɗa matasan Musulmi da abokai na gari, Ya sa albarka a cikin lokacinsu da abin da suke nema, Ya kai matafiya lafiya Ya komo da su lafiya. Amin.