Ajuji: Sunan Da Aka Sa Don Mutuwa Ta Ji

Akwai wani suna na maza da ya kusa ɓacewa a ƙasar Hausa, wato Ajuji. Idan mai karatu ya duba cikin tsaransa, da wuya ya ƙirga mutum biyu masu amsa shi, amma idan ya koma kan kakanni zai iske shi nan da can. Tambayar da nake son mu tattauna ita ce: ɓacewar wannan suna asara ce ko ci gaba? Kuma wanda ya gaje shi a matsayin sunan uba ko na kaka, yana da 'yancin goge shi daga takardunsa?

Asalin sunan ba ɓoyayye ba ne, daga juji ya fito, wurin zuba shara. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, wadda ake kira mai wabi, idan ta sake haihuwa sai a ɗauki jaririn a kai shi kan juji a ajiye kamar an yar, sannan wata tsohuwa ta je ta tsinto shi. Manufar ita ce abin da ke ɗauke 'ya'yan ya ɗauka cewa wannan kam babu mai sonsa, sai ya wuce. Ajuji yana da 'yan uwa irin su Ayashe da Mantau da Barmani. Ba sunan yanka ba ne. Ranar suna liman zai raɗa Muhammadu ko Abubakar, a yanka rago, amma a cikin gida Ajuji ne ke bin yaron har ya yi furfura.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wannan suna ba da yaron yake magana ba. Idan uba ya sa wa ɗansa Aminu, fata yake yi masa, kamar yana ce masa ka zama amintacce. Ita kuwa mai wabi da mutuwa take magana, ƙarya take yi mata. Tana cewa ba ta son yaron alhali duk duniya babu abin da take so kamarsa. Ban san wani suna da ya ƙunshi ƙauna irin wannan a cikin kalma mai muni irin wannan ba.

Zama a Makka, inda nake karatu, ya sa na ga cewa ba mu kaɗai muka yi haka ba. Larabawan wannan gari kafin Musulunci suna sa wa 'ya'yansu maza sunaye masu kaushi: Harbu (yaƙi), Murra (ɗaci), Hanzala (wani ɗan itace mai ɗaci), Kilabu (karnuka). Malaman lugga sun bayyana cewa don abokan gaba ake sa su, domin wanda ya ji ya razana. Su don maƙiyi, mu don mutuwa, amma a duka biyun yaron ne ke ɗaukar kayan.

A cikin mutanen Makka akwai wani Baƙuraishe daga Banu Makhzum mai suna Haznu bn Abi Wahb, wanda ya musulunta a shekarar buɗe Makka, wato 630 Miladiyya. Ma'anar Haznu ita ce ƙasa mai tauri da kaushi. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambaye shi sunansa, da ya faɗa sai ya ba shi sunan Sahlu, mai sauƙi. Haznu bai karɓa ba, ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikansa, babban malamin Madina Sa'idu bn Musayyib, shi ya ba da labarin, ya kuma ce kaushin bai rabu da zuriyarsu ba bayan nan.

Duk gardamar tana cikin wannan ɗan gajeren labari. A gefe guda akwai biyayya ga uba, a ɗaya gefen akwai haƙƙin mutum ya ji kalma mai daɗi duk lokacin da aka kira shi. Kuma jikan da kansa ya nuna mana gefen da ya fi nauyi. Saboda haka, a nawa ganin, babu hujjar da za ta sa a yau mutum ya laƙaba wa jaririnsa Ajuji. Ba a yi wa ajali wayo, kuma yaron da za a kira da shara a gaban 'yan ajinsu bai ci bashin kowa ba. Wa'azin malamai, musamman tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya yi tasiri wajen kashe wannan camfi, kuma ban ga laifinsa ba.

To amma kada mu yi saurin yabon kanmu. Sunan ya ja baya, abin da ya haife shi kuwa yana nan. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya fi haka. Wato masu wabi ba su ƙare ba, sun dai daina faɗa mana ta bakin suna. A da, idan ka ji Ajuji ka san gidan nan an binne yara. Yanzu kowa Khalifa ne ko Sultan, ba ka jin komai.

Inda na saba da wasu 'yan uwa shi ne kan goge sunan daga nasaba. Mu da ke waje mun san matsalar. A gida mutum yana da sunan yanka da laƙabi da sunan da kaka ke kiransa, kowanne da wurinsa. Fasfo da iƙama ba su san wannan ba, gida biyu ko uku kawai gare su, kuma abin da ya shiga ya zauna. Sai ka ga ɗalibin da sunan kakansa Ajuji ko Tanko ko Bawa ya je ya yi rantsuwa a kotu ya mayar da shi Abdullahi, don kada Balarabe ko Bature ya tambaye shi ma'ana. Wannan ba gyaran aƙida ba ne, kunya ce. Annabi (SAW) ya sauya sunayen rayayyu da ke gabansa, amma Kilabu da Murra suna nan a cikin nasabarsa mai daraja, malamai suna karantar da ita haka har yau.

Mutanenmu na Makka ma abin lura ne. Hausawa sun daɗe suna zuwa a ƙasa ta Chadi da Sudan, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma da yawa ba su koma ba. Jikokinsu da nake haɗuwa da su a Shara Mansur da Misfala sunayensu Fahad ne da Khalid da Usama, ban taɓa jin Ajuji ko Tanko a cikinsu ba. Amma abu ɗaya bai faɗi ba, shi ne Hausawi a ƙarshen suna, kamar yadda wasu ke da Fallata ko Barnawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasa uku na Saudiyya suna ɗauke da wannan suna, kuma kyaftin ɗinsu, Usama Hausawi, haifaffen Makka ne. A garin da kalmar Takari kan fito daga bakin wasu da raini, sun bar asalinsu a rubuce a sunansu.

Wani zai ce, to idan masu suna ne ke ba shi daraja, me zai hana a farfaɗo da Ajuji? Ai suna yana tashi yana faɗuwa. Muhammad kansa ba sananne ba ne a Makka lokacin da Abdulmuɗɗalibi ya zaɓe shi, ga shi a 2023 shi ne na ɗaya a sunayen jarirai maza a Ingila da Wales, yara 4,661, yayin da Nigel, sunan Turawa na da, ya kasa shiga jerin a 2020 saboda bai samu ko jarirai uku ba. Amsata ita ce bambanci ne tsakanin abin da ka gada da abin da za ka ɗora wa wani. Hausawi labari ne na inda aka fito. Ajuji a kan jariri aiki ne da camfi, kuma jaririn ba a shawarce shi ba. Ajuji a kan kaka kuwa ya riga ya zama labari, shaida ce cewa wata mata ta binne 'ya'ya uku ko huɗu, ta kai na gaba kan juji hannunta na rawa, ya rayu, ya haifi wanda ya haife ka. Shi kansa Sa'idu, da ya koka da kaushin sunan, bai cire shi ba, a littattafan tarihin maruwaita har yau Sa'idu bn Musayyib bn Haznu ake rubutawa.